Mutumin da Ya Zuba wa Daji Taki

Belisario Jumbo yana da shekara bakwai fari ya kori gidansu daga ƙauyensu na yammacin Loja. Shekara biyu ruwa bai sauka ba, awaki suka ƙare, rijiya ta koma rami. Mahaifinsa, Don Anselmo, ya ɗaure ɗan abin da ya rage a bayan alfadari, suka haye tsauni suka gangara ɓangaren da ke fuskantar Zamora, inda aka ce ruwa ba ya ɗaukewa kuma daji na wanda ya sare shi ne. Da suka iso, tsohon ya tsaya yana kallon itatuwan da gansakuka ta lulluɓe tun daga gindi har ƙarshen reshe, ya ce ƙasar da ta iya ɗaukar waɗannan ƙattai, masara wasan yara ce a wurinta.

Ya sare, ya jira 'yan kwanakin da rana ke leƙowa a watan Nuwamba, ya cinna wuta. Shekarar farko masara ta fi shi tsawo. Ta biyu ta tsaya masa a kafaɗa. Ta huɗu kuwa ganye ya yi rawaya tun tana iya gwiwa, goyonta bai fi yatsa ba. Ya shuka ciyawar shanu, ita ma ta yi 'yan shekaru ta janye, llashipa ta mamaye wurin, ciyawar nan mai ganye kamar gashin tsuntsu wadda in saniya ta yawaita ci sai ta fara fitsarin jini. Don Anselmo ya sare wani gefen, aka sake maimaita abin tun daga farko. Har ya mutu yana zargin iri, yana zargin farin wata, wani lokaci yana zargin maƙwabcinsa da mugun ido. Ya bar wa ɗansa gangare guda na llashipa da saniya uku.

Belisario bai tsaya nazarin ƙasa ba. Ya sayi injin zarto ya shiga daji, shekara ashirin yana kayar da romerillo, itacen da masu yin ƙofofi a Loja suka fi so, yana fito da katako a bayan alfadarai. Ya auri Hermelinda Sarango, mace mai ƙarfin hannu da ƙarfin baki, wadda cukunta ya yi suna har bakin titi. 'Ya'yansu uku suka girma suka watse, biyu a birni, ɗaya a ƙasar Sifen. Sai hukuma ta hana sara a dajin sama. Yana zaune yana gyaran injin da ba shi da sauran amfani, aka zo aka ce masu bincike da suka gina gida a gaban rafi suna neman wanda ya san hanyoyin tsaunin. Babu wanda ya kai shi saninsu, tunda rabinsu shi ya buɗe da adda.

Wadda ta ɗauke shi aiki malamar jami'a ce, Dakta Maritza Ontaneda, 'yar siririya mai tabarau da takalman roba da suka fi ƙarfin ƙafarta. Ranar farko ta nuna masa buhun takin yuriya ta ce za su hau da shi. Ya saɓa a baya, suka yi awa biyu suna kutsawa cikin laka, shi kuwa yana ta tunanin wane marar hankali ne ya yi gona a can sama. Da suka isa bai ga gona ba. Daji ne kamar ko'ina, sai dai an kakkafa turaku an zagaye wurare da igiya. Ta ce masa inda turaku suke ja a watsa taki daidai wa daida, inda suke fari kuma kada ko ƙwaya ɗaya ta faɗa.

"Dakta, a gafarce ni, me za a shuka a nan?"

"Ba komai, Don Beli."

"To itatuwan ne za a sare in sun yi ƙiba?"

"Wanda ya taɓa min itace ɗaya a nan, ni da shi ne."

Ya dubi farin takin da ke tafin hannunsa, irin wanda yake saya da gwangwani don 'yar masarar bayan gida, ya dubi dajin da ko ɗan itacen da ake ci babu a cikinsa. Ya watsa kamar yadda aka ce. Da ya koma gida ya ba Hermelinda labari, ta ajiye masa kwanon miyar ɗanyar ayaba ta ce wato yanzu ya zama manomin tsuntsaye, ya tambayi Dakta ko in an yi girbi za a ba shi gashin aku ya kawo mata.

Sauran aikin ma bai fi wannan ma'ana a wurinsa ba. An kafa raguna a ƙarƙashin itatuwa, duk mako biyu ya zagaya ya kwashe busassun ganyen da suka faɗo, a shanya su a tanda, a auna a sikeli, a niƙa. An binne wasu bututu a ƙasa masu tara ruwan da ya tsiyaya, shi ma a kwashe a kwalabe. Abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne bokitai. Za a kife bokiti a kan ƙasa, a jira, sannan a soka sirinji ta wani rami a zuƙo iskar ciki a ɗura a 'yar kwalba. Kwalaben nan da babu komai a cikinsu ake jerawa a akwati a aika Jamus. Ya taɓa ɗaga ɗaya ya haska ta da rana, ya girgiza, ya shinshina murfin. Bai gaya wa kowa a ƙauye wannan ɓangaren ba, don maƙwabcinsa Froilán bai gama tsokanarsa kan takin ba ma.

Wata rana suna cin dafaffiyar masara da cuku a kan wani kututture, gajimare yana wucewa ta tsakaninsu, Dakta ta karɓi addarsa ta yanki ƙasa ta ɗago. Abin ya taso kamar tsohuwar katifa, ruɓaɓɓen ganye da ƙananan saiwoyi sun sarƙe, kaurinsa ya kai kamu biyu. A ƙarƙashi sai wata ƙasa fara-fara mai tsakuwa. Ta ce abin da ke cikin buhun da yake ɗauka sunansa naitirojin, kuma babu ganyen da zai yi kore sai da shi. Ta ce iskar da suke shaƙa ma kashi huɗu cikin biyar shi ne, amma itace ba ya iya cin na iska sai wasu halittu da ido ba ya gani sun sarrafa masa. Ganye ya faɗo, halittun su ruɓar da shi, saiwa ta tsotse, sabon ganye ya fito, ya sake faɗowa. Duk arzikin dajin yana cikin katifar nan, yana zagayawa. A nan sama kuma sanyi da jiƙa suna sa halittun kasala, shi ya sa itatuwa ke gajarta in an ƙara hawa.

Belisario ya daɗe yana tauna masara. Ya ce wato kamar mutum ne zaune a cikin rumbu yunwa tana cinsa don ba shi da haƙora. Ta ce kusan haka. Sai ya tuna wutar Nuwamba, ya gane katifar ce mahaifinsa ya ƙone, masara ta ci tokar shekara biyu abu ya ƙare. Zuciyarsa ta yi nauyi saboda maƙwabcin da tsohon ya mutu ba ya gaisawa da shi.

Amma bayanin, maimakon ya warware masa, sai ya ƙara ƙulle shi. In daji yana ciyar da kansa, me ya sa ake hawo masa da abinci? Ta ce ai yanzu ruwan sama da kansa yana sauko da naitirojin, daga hayaƙin dazuzzukan da ake ƙonawa can gabas da hayaƙin motoci, suna so su ga tun da wuri abin da zai sami dajin in abin ya yawaita. Ya tambaya ko nufinta sama tana zubo taki kyauta kuma wannan mugun abu ne. Ta ce mai yiwuwa. Ya lura wannan kalmar ba ta barin bakinta. Bai taɓa ganin mai ilimi kamarta da ke yawan cewa ba ta sani ba.

A fili na tara, ɗaya daga cikin masu farin turke, akwai wani ɗan romerillo da bai fi tsintsiyar hannu kauri ba, ya tanƙware yana neman haske. Belisario ya kayar da ɗaruruwan iyayensa, kuma ya san irinsu sun kusa ƙarewa a wannan gefen. Duk lokacin da ya wuce da buhu zuwa filayen ja sai ya ji kamar ana rabon abinci an tsallake maraya. Ran nan, bayan an gama watsi, ya kakkaɓe gindin buhun ya sami cikin hannu guda. Ya waiga, Dakta tana can ƙasa tana rubutu. Ya tsallake igiya ya zuba wa ɗan itacen a gindi, ya rufe da ganye. Bai ɗauki abin laifi ba. An hana watsa wa fili taki, shi kuwa itace ɗaya ya ba. Haka ya riƙa yi sau biyu a shekara har shekara huɗu.

A shekara ta uku Dakta ta fara zuwa aiki da wani irin farin ciki. Ta ce ta gano wani abu: a cikin dajin da ba a taɓa ba, akwai wuri guda da ruwan ƙasarsa ke fitowa cike da naitirojin, ninkin na ko'ina. Tana zaton wasu halittu ne da ba a sani ba ke aiki a can. Ta rubuta wa abokan aikinta, aka aiko da sababbin na'urori, Belisario ya yi ta hawa da su a baya yana taya ta murna, don shi ma yana son ganinta cikin fara'a. Sai ranar da suka je kafa su ta tsallake igiyar fili na tara, ta durƙusa, ta ɗora hannu a kan bakin wani bututu da ganye ya rufe. Tsakanin bututun da ɗan itacensa bai kai taku ɗaya ba.

Nan take ya gane takinsa ne. Ya riƙe mata na'ura yini guda bai gaya mata gaskiya ba. Da damina ta zagayo ma sai da ya sake zuba wa itacen, shi kansa bai san dalili ba, wataƙila don in ya daina lambobin za su sauka ta shiga damuwa.

Ranar Lahadi bayan addu'a ya shiga wurin Fada Clímaco, limamin cocinsu, don ya furta zunubinsa. Fadan ya saurara, sannan ya tambaya ko satar takin ya yi. Ya ce a'a, kakkaɓin buhu ne. Ya tambaya ko itacen ya mutu. Ya ce yana nan da ransa. Ya tambaya to wa aka cuta. Belisario ya ce yana jin lambobi aka cuta.  Fadan ya ce shekara talatin yana wannan aiki ba a taɓa kawo masa irin wannan ba, bai san a wane babi zai sa shi ba, amma ya yi addu'a uku don kariya, sannan ya je ya gaya wa Dakta.

Hermelinda ba ta yi dogon tunani irin na Fada ba. Tana matse cuku ta ce, "Kai dai, tsohon nan, shekara ashirin kana kashe su ba ka je wurin Fada ba, sai da ka ciyar da guda. Gobe ka faɗa mata, kafin ta tsaya gaban mutane ta kunyata kanta."

Ya faɗa wa Dakta a kan hanya, a tsakiyar hawa, don kada ya ga fuskarta sosai. Dakta ta tsaya. Ta zauna a kan wata saiwa, ta cire tabarau tana gogewa da gefen riga, ta goge, ta sake gogewa. Saura wata guda ta tafi babban taro ta ba da labarin abin da ta gano. Shi yana tsaye da hula a hannu yana jiran a ce ya ajiye kaya ya koma gida.

"Cikin hannu nawa?" in ji ta.

"Ɗaya-ɗaya, Dakta."

"Wane hannu?"

Ya ɗaga na dama yana kallonsa kamar ba nasa ba. Suka juya suka sauka. A gidan bincike ta ɗauko sikeli da buhu, ta sa shi ya ɗebi cikin hannu ya zuba, ta rubuta, ya sake ɗiba, har sau goma. Ta tambaye shi watanni, ta tambaya ko ana ruwa a ranakun, duk ta rubuta. Ba ta kore shi ba, ba ta kuma je taron ba. Mako biyu ba ta yi masa maganar da ta wuce ta aiki, abincinta ma can gefe take ci. Shi kuwa ya rasa gane ko an hukunta shi ne ko an mayar da shi ɗaya daga cikin abubuwan da ake aunawa.

Bayan ta huce suka je suka gwada ɗan itacen da zaren awo, suka gwada wasu 'yan'uwansa huɗu da ba wanda ya taɓa ba su komai. Bai fi su kauri ba ko kaɗan. Ɗaya ma ya ɗan fi shi. Wannan ya fi masa ciwo fiye da shirun Dakta. Ya tambaye ta ina abincin da ya ba shi ya tafi, ta nuna bututun ta ce ga shi nan, ya bi ruwa ya wuce. Ya ce to ba yunwa yake ji ba ke nan. Ta ce mai yiwuwa yunwar wani abu dabam yake ji, ko kuma haske yake nema. An cire fili na tara daga cikin filayen gwaji, aka ɗaura masa baƙin ƙyalle a turke.

Ya ƙara shekara tara a aikin. A cikinsu ya koyi bambanta ganyen itatuwa fiye da ɗari ko da sun bushe sun murƙushe, har ɗaliban da ke zuwa daga Turai sukan kawo masa ya faɗa musu. Amma babbar tambayar tana nan inda ya bar ta. A filayen ja wasu itatuwa sun yi ƙiba, wasu sun rame, wasu kamar ba a yi komai ba. Ƙasar ta ƙara tsami. Da ya nemi sanin inda duk buhunan da ya hau da su suka shige, Dakta ta ce wani kaso yana cikin ganye, wani ya bi rafi, wani ya koma iska, shi ne na kwalaben Jamus, sauran kuma yana wani wuri a cikin katifar bai fito ba tukuna. Ya ce yaushe zai fito. Ta ce ƙila bayan su biyun sun mutu. Ya sauko ranar yana jin ciwon baya fiye da kullum.

Gwiwarsa ta hagu ce ta sallame shi daga tsauni yana da shekara sittin da uku. Da ya dawo zaman gida ya lura da abin da ya daɗe yana wucewa bai kula ba. Can ƙasan gangare Hermelinda ta taɓa dasa itatuwan aliso a bakin shinge don itacen girki, kuma a ƙarƙashinsu ciyawa ta yi kore shar, shanu ba sa barin wurin. Ya tona gindin guda don ya ga ƙasar, sai ya tarar da saiwoyin sun yi wasu ƙuraje jajaye, curi-curi. Ya ɗauka cuta ce, har ya wasa adda zai sare su kafin ta bazu. Hermelinda ta ce ya taɓa mata shinge ya gani. Sai ya naɗe saiwar a leda ya hau motar madara ya kai wa Dakta.

Ta karɓa tana juyawa a hannu tana murmushi. Ta ce ba cuta ba ce, a cikin ƙurajen nan halittun da ke kamo naitirojin daga iska suke zaune, itacen yana ba su masauki su kuma suna ba shi abinci, in ganyensa ya zube ƙasa ta samu. Ya ce shekara goma sha uku yana neman ya ga waɗannan halittu, ashe suna bakin shingensa. Ya fasa ƙurji ɗaya da farce ya duba. Bai ga komai ba sai ɗan ruwa.

Shi da Hermelinda suka dasa aliso ɗari biyu a gangaren llashipa, yana jan ƙafa, tana gaba da bokiti tana masa faɗan jinkiri. Bayan shekara uku rabin gangaren na ƙasa ya kama, itatuwan sun fi mutum tsawo, inuwarsu ta fara korar llashipa, ciyawa tana dawowa. Rabin sama kuwa, iri ɗaya, rana ɗaya aka dasa, hannu ɗaya, yawanci sun bushe, sauran sun tsaya iya ƙugu sun ƙi gaba. Ya kai wa Dakta ƙasar wuraren biyu, ta aiko masa da takarda cike da lambobi, a ƙasa ta rubuta da hannu cewa abin ya ba ta mamaki ita ma.

Froilán ne ya zo wata safiya ya jingina da shinge yana kallon shanun Belisario da suka yi ƙiba. Wannan karon bai yi tsokana ba. Ya tambaya mene ne sirrin. Belisario ya gyara tsayuwa ya fara bayani. Ya ce akwai wani abu a cikin iska wanda yake taki ne amma ba taki ba ne sai an tauna shi, kuma masu taunawar suna cikin ƙurji, amma ba a ganinsu. Ya ce ruwan sama ma yana kawo shi, wannan kuwa ba shi da kyau, ko da yake abu ɗaya ne da mai kyaun. Ya ji maganar tana kuɓuce masa, ya koma ta kan katifa, ya ga Froilán ya fara kallonsa da tausayi.

"Maƙwabci, ni dai tambayata ɗaya ce. In na dasa, zai yi?"

Belisario ya dubi rabin ƙasa, ya dubi rabin sama. Ya ce a wani wuri zai yi.

Froilán ya ce hakan ma ya isa. Hermelinda ta fito da kofi da mazarƙwaila, suka sha a tsaye, sannan Belisario ya ɗauko magirbi ya bi bakin rafi yana tono masa 'yan dashen aliso da suka tsiro da kansu. Ya zaɓa masa guda talatin masu ƙuraje da yawa a saiwa, ya naɗe su a jiƙaƙƙen buhu, ya ce ya dasa su kafin rana ta ɗaga.